Munira da Ƙeyar Malam Ɗanladi

A tashar 'yan kabu-kabu ta Mayahi aka fara jin labarin. Kafin la'asar ya kai majalisar masu shayi, kafin kwana biyu ya hau mota ya sauka Tasawa. Wai Munira ta wajen Binta, wadda ke buga takardu a shagon fotokopi na gefen meri, wato ofishin magajin gari, ta tara ƙarti arba'in ta kulle cikin ordinater, wato kwamfuta. Dukansu zigidir, kai tal-kwabo, kowa ya shanya hannuwa kamar an kafa shi korar tsuntsu a gona. Ba ta ba su ci, ba ta ba su sha. Ran da ranta ya ɓaci sai ta kama ɗaya ta murɗe masa wuya har fuskarsa ta koma baya, kuma bai isa ya ce uffan ba. Wata mai ƙosai ma ta rantse ta ji suna nishi da rana tsaka.

To jama'a, a kwantar da hankali. Ba arba'in ba ne, ɗaya ne tal. Launinsa na toka, shi ba namiji ba shi ba mace ba, kuma ranar da ya fara bayyana a gilashin na'urar, Munira salati ta yi ta rufe shi da kalandar shago, ba ta sake buɗewa ba sai da ta koyi yadda za ta ɗaura masa zane. Nishin kuwa 'yar fankar cikin ordinater ce da zafin Mayahi ke sa ta kuka. Murɗe wuya dai an yi, ba za a ɓoye ba, amma sau ɗaya ne, shi ma hannu ne ya goce. Wanda ya zuba wa labarin gishiri taubashinta ne, Ayuba ɗan kawunta Bello, ɗan kabu-kabu, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya leƙa shagon neman ruwan sanyi ya fito da abin da ya fi ruwan daɗi.

Ita wannan Munira tun tana 'yar mitsitsiya hannunta ba ya zama. In yara sun tafi bakin tabki gina shanun laka, na kowa ƙafa huɗu ne da ƙaho biyu, shi ke nan. Nata kuwa sai mai wucewa ya ci birki ya ce, "Kai, wannan ai gurgun bijimin liman ne!" A lakwal, makarantar boko, ta zana mushensu, wato malamin ajinsu, a kan allo, ta sha bulala biyu, ɗaya don ta yi zanen, ɗaya don ya yi kama. Birbe, jarabawar ƙaramar sakandare, ta je masa sau biyu, sau biyu ya ce bai gane ta ba, sai ta kama koyon buga takardu. Yau shekara goma sha ɗaya tana wannan shago. Duk wanda ya taɓa neman aiki ko ya kai ƙara ko akuyarsa ta ɓata a ƙasar Mayahi, ta san shi, don ita ta buga masa takardar. Tana da miji, Khalifa, mai yi wa dabbobi allura, mutum mai haƙuri da magana ba ta dame shi ba, da 'ya'ya biyu da suka kwashe duk maganar da ubansu ya bari.

Khalifa ne ya jawo. Ya je taro Maraɗi ya dawo mata da tsohuwar ordinater 'yar hannu, wai ta riƙa ƙarasa aiki a gida. Ashe mai ita na farko bai share kayansa ba. Cikin tarkacen da ya bari akwai wani logisiyel, wato manhaja, na gina mutane. Abin ba zane ba ne irin na alƙalami, ba kuma ɗaukar hoto ba ne. Mutum ake ginawa cikin na'ura kamar da yumɓu, a juya shi gaba da baya, a sa masa fata da gashi da tufafi, a haska masa haske, sannan a ce wa na'ura ta ɗauke shi hoto. Yarinyar bakin tabki ta ga laka da ba ta bushewa, ba ta ɓata zane. Daga ranar, duk lokacin da shago ya yi tsit tsakanin azahar da la'asar, tana kan bidiyoyin masu koyarwa da Faransanci, baki buɗe.

Shi babban logisiyel ɗin in shi kaɗai ne, kamar gida ne da aka gina ba a sa ko tabarma ba. Sai an yi ta ɗauko masa 'yan ƙananan kayan aiki da masu sha'awar abin a duniya ke ƙirƙira su ajiye a intanet, wasu na saye wasu kyauta. Munira hanyar na kyauta kawai ta sani, kuma da sassafe take sauke su, kafin mutanen gari su tashi su cinye rezon intanet. Sunayensu sai sun karya harshe, don haka ta raɗa musu nata.

Akwai wanda take ce wa Maɗori, shi ke jera wa mutum ƙasusuwa a ciki. Kafin ta same shi, in ta lanƙwasa hannun mutuminta sai ya naɗe kamar tiyon ban ruwa. Da Maɗori ya zo, gwiwa ta zama gwiwa, har mutumin ya iya tsugunno irin na mai sayen goro. Akwai Tela: ta yanka ƙyalle, ta nuna masa inda zai haɗa, ya saki rigar a jikin mutum ta faɗo da nauyinta da ninkinta. Babbar rigar farko da suka ɗinka tare, da aka sake ta sai ta kumbura ta tashi sama ta bar mai ita a tsaye, har yau ba a san inda ta sauka ba. Ayuba yana wurin, kuma ya ce da idonsa ya gan ta ta nufi Agadas. Wanzami shi ke shuka gashi. Mashuki kuwa ƙwazonsa ya fi hankalinsa: ka ba shi kara ɗaya ya cika maka gona, ranar da ta manta ba ta yi masa iyaka ba har a kan mutumin ya shuka dawa.

Wanda ta fi ƙauna shi ne Mai Tankaɗe. In aka ce wa na'ura ta fito da hoto, da farko yakan zo da tsaki-tsaki kamar an watsa masa dusa, sai a hankali yake washewa, kuma tsohuwar ordinater ɗin Munira takan kwashe wuni tana wannan aiki tana zafi kamar kaskon waina. Sai ta ɗora ta a bakin randa ta kewaye da jiƙaƙƙen buhu. Sau nawa hoto ya kusa nuna kuran, wato lantarki, ya ɗauke, batir kuwa ya mutu tun zamanin mai ita na farko. Da Mai Tankaɗe ya shigo, aikin wuni ya koma na tsakanin salla da salla.

Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da ake samu a shirye. Gashi kala dubu, amma duk santsi kamar gemun masara. Tufafi kuwa daga sulke da takobi sai 'yan siket da ba su san gwiwa ba. Itatuwa da ƙanƙara a kai. Baƙar fata in an samu, sai ta riƙa ƙyalli kamar an shafa wa buta man gyaɗa. Ta tono intanet har ƙasa ba ta ga malafa ɗaya ba, ba kallabi, ba zangarniyar hatsi. Sai ta zage ta yi nata. Ta bi telan maƙwabta tana ɗaukar hoton guntayen atamfa, ta ɗauki bangon laka, ta ɗauki tabarma, ta tsare ƙawayenta tana leƙen kitsonsu har suka fara gudunta. Abin da ta gama takan mayar can inda ta ɗebo, kyauta, don ta ce kunya take ji ta yi ta ci a akushin mutane ba ta zuba ko loma ba. Wani mutumin Burezil ya rubuto yana godiya, ya sa wa masuncinsa malafarta. Kafin magariba tasha ta ji cewa Burezil ta kira Munira buga ƙwallo.

Haka abin ya tafi shekara uku, wasa ne da dariya, har Sallar Layyar da suka je Gidan Ƙadri, can bayan Tchake, gaida Iya.

Iya kakarsu ce su biyun, Munira da Ayuba, ita ta haifi Bello da Binta. Tsohuwa ce 'yar firit mai bakin tsiya, amma idonta ya fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama, likitan Maraɗi ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, magani zai rage masa gudu ne kawai. Ita da kanta ta ce yanzu duniya take leƙe ta kafar darni, kuma kullum kafar ƙara tsukewa take. Tana faɗa tana dariya, wai dama ta gaji da ganin fuskar Ayuba.

Munira ta matso mata da wayar salula ta nuna mata wata mai fura da ta gina, da ƙwarya a ka da kitson doka. Iya ta kai abin dab da idon dama.

"Ɗiyar wa ce wagga?"

"Ba ɗiyar kowa ba ce, Iya. Ni na gina ta."

"Ke kinka gina ta? Ba ta da uwa?"

"Ba uwa ba uba."

"Allah sarki," in ji Iya. "Ga ta kuwa da tarbiyya."

Can aka zo tafiya. Ta rako su har bakin zaure tana dafe da kafaɗar Munira, ta bari Ayuba ya yi gaba wajen moto, sannan ta kau da kai tana kallon wata akuya ta ce, "Ƙawata, in kina gina wanda ba a haifa ba, wanda anka haifa ya tahi fa?"

Ba ta faɗi suna ba. Iya ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Shekara ashirin da bakwai da rasuwar mijinta Malam Ɗanladi, amma har yau ranar Lahadi a bakinta sunanta wanshekaren Asabar. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na jikin katin ɗan ƙasa, shi ma gara ta shiga akwati ta cinye ta bar wa magada hatimin gwamnati. Munira tana da shekara huɗu ya rasu, abin da take tunawa da shi bai wuce ƙanshin taba gari ba. Duk da haka ta ce, "Zan gwada, Iya." A kan moto tana dawowa ta yi ta lissafin kafar darnin nan, ko za ta jira ta.

Ta fara da neman fuska. Kawu Bello ya gyara zama ya ɗaga haɓa ya ce, "Dube ni da kyau. Ki rage tumbi ki ƙara gemu, kin gama." Innarta Binta ta ce ƙarya yake, Baba ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, kuma hancin irin nata ne. Aka tura ta rugar Baffa Sulaiman, wani tsohon Bafillace da suka yi abota ta shekara talatin da Malam Ɗanladi, shi ke yi wa marigayin kiwo. Baffa ya shimfiɗa mata buzu, ya sa aka kawo nono, ya lumshe ido.

"Ɗanladi! Shina da wani jan bijimi, ƙahon hagu ya sunkuyo kaɗan, da farin tabo ƙarƙashin wuya awa tafin hannu, wutsiyarshi kuwa..."

Sai da ya kai rabin awa a kan bijimin, har da uwar bijimin.

"Baffa, shi fa? Fuskarshi?"

"Fuska?" Ya shafa gemu. "Fuska irin ta mutane. Ido biyu."

Amma ya tuna tsaga. Ta Gobirawa ce, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, kuma ta ƙasa a dama ta karkace don jariri ya yi atishawa wuƙa na kai. Tsaga ba a samun ta a intanet ko da kuɗi, sai da Munira ta zauna ta tsattsaga da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Sati shida tana kan fuskar nan. Ta ari goshin kawu da hancin inna, ta sa Wanzami ya shuka gemu ya aske ya sake shukawa sau goma sha. Fata kuwa hoton damtsen wani tsoho mai gyaran keke ta ɗauka, bayan ta sha rantsuwa ba asiri za ta yi masa ba. Ta sa wa mutumin farar babbar riga da hula, ta zaunar da shi tsaf yana kallon gaba. Duk wanda ya shigo fotokopi sai ya gaishe shi.

Cikin watan Agusta, hanya rabi yashi rabi ruwa, Ayuba ya ɗauke ta da ordinater naɗe cikin leda da zane biyu. Aka taru a ɗakin Iya da hantsi, aka saki labule don gilashin ya fito. Da ta jona ta da batirin da aka aro a garin ta buɗe, Kawu Bello ya yi kabbara ya share ƙwalla ya ce Baba ne sak, ko da yake duk wanda ke ɗakin ya ga shi kansa yake wa kuka, don mutumin kamar an tsaga kara da shi.

Aka matso da Iya. Ta kai idon dama, ta duba, sai ta yi maza ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta juya gefe.

"Sannu da zuwa, baƙo," ta ce a hankali. Sannan ta raɗa wa Munira, raɗar da har na waje ya ji, "Wane ne wanga mai zare ma mutane ido? Jandarma ne?"

Ayuba ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Bello ya ce, "Iya, Baba ne fa!"

Iya ta sake leƙawa ta gefen mayafi, ta daɗe, sannan ta lalubo hannun Munira ta riƙe. "Kin yi ƙoƙari, ƙawata. Allah shi yi maki albarka." Da ta zage ta ma da ya fi sauƙi.

Da aka watse, Munira ta sami Iya a gindin bedi, wato dogon yaro, tana tsinkar zogale da lalube. Ta zauna ta ja kwanon gabanta tana taya ta, bakinta a tunzure.

"Iya, ki gaya mani gaskiya. Hancin ne bai yi ba? Ko idon?"

"Ke, rufa mani asiri! Ni na san idonshi?"

"Shekara arba'in da ɗaya kuna tare fa."

"To sai in tsaya in zuba ma maigidana ido awa mujiya? Ni ɗiyar wa? In na kai ruwa durƙusawa nike, kaina ƙasa. In shina magana ina kallon tabarma. Ku ne na yanzu kuke kallon miji cikin ido har ku ƙirga mashi haƙora."

Munira ta saki ganyen da ke hannunta. "To ke me kika sani nashi?"

Iya ta yi 'yar dariya, irin wadda Munira ba ta taɓa ji a bakinta ba. Ta nuna bayan madafa da haɓa. Ta ce can wajen, a zamanin, darni yana da wata kafa daidai fuskar mai tsugunno tana wanke ƙwarya. Kullum da damina in ya fita gona da sassafe ta nan yake bi, ita kuwa ƙwaryarta ba ta taɓa wankuwa sai ya ɓace cikin hatsi. Nan ne kawai take kallonsa ta ƙoshi, don ba mai ganinta, shi ma bai gani. Ta san ƙeyarsa da wani ninki biyu da take da shi. Ta san kafaɗar hagu da ta fi ta dama sauka tun da raƙumi ya kayar da shi. Malafa ba ya sa ta sai rana ta yi zafi, rataye take a baya da igiya. 'Yar shararsa shuɗiya ce da ta koɗe, da faci tsakanin kafaɗu wanda ita ta yi da farin zare don ba ta da baƙi, ta yi ta jin kunyar facin nan shi kuwa ya ƙi yarda a sake. Dugadugansa da faso, na dama ya fi.

"Tafiyar fa, Iya?"

"Ba ta faɗuwa. Miƙo mani taɓarya."

Abin da Gidan Ƙadri ba su taɓa gani ba suka gani ran nan. Tsohuwa mai shekara tamanin ta saɓa taɓarya a kafaɗa a madadin hauyar tsaye, ta sauke kafaɗar hagu, ta turo wuya, ta ratsa tsakar gida tana jefa ƙafar dama waje kamar mai ture kaza. Matan gida suka yi ta shewa. Kawu Bello, da ya fito daga zaure zai yi faɗan hayaniya, ya tsaya cak, sannan ya koma ciki. Munira dai salula na hannunta tana ɗauka.

Ta kwana a garin. Da sassafe ta je bayan madafa ta tsuguna inda aka nuna mata, ta auna tsayin idonta daga ƙasa da kara, ta karya karan ta sa a jaka. Sannan ta tsaya a hanyar gona tana juyawa a hankali tana ɗaukar sama da ƙasa ta kowane gefe, don akwai wani ɗan kayan aiki da ke ɗinke irin hotunan nan ya mai da su hasken da zai haska mutum. Hasken da take da shi a na'ura na wata ƙasa ne mai sanyi, ita kuwa safiyar Gidan Ƙadri take so, da jan yashinta.

Ta koma Mayahi ta kama mutuminta ta juya shi. Fuskar sati shida, da tsagar da ta ci mata ido, duk suka koma kallon gabas inda ba mai ganinsu. Maɗori ya sauke kafaɗa ya jefa ƙafa, tana duba bidiyon Iya tana gyarawa. Tela ya tuɓe babbar riga ya ɗinka 'yar shara, facin kuwa da hannu ta yi shi, ta karkata ɗinkin da gangan. Malafar da ta je Burezil ta dawo gida ta rataya a bayan mai ita. Ta gina karan hatsi ɗaya da ganyensa, ta ba Mashuki, wannan karon da iyaka. Idon na'ura kuma, wanda ke ɗaukar hoton, ta sauko da shi ƙasa daidai tsawon karan da ta karyo, ta gitta 'yan karare a gefe da gefe.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga ƙauye cewa Iya ta zuba fura a gefen kofi tana zaton ciki take zubawa. Munira ta bar gyaran faso na ƙafar hagu, ta ce ya isa haka. Ranar da aka sa hoton a wuta, kuran ya ɗauke sau biyu, Khalifa ya tafi ya aro batirin firjin alluran awaki, aka ɗora ordinater a bakin randa, yara na fifita da faifai. Mai Tankaɗe ya yi aikinsa. Munira ta buga hoton a babbar takarda, ta sa aka lulluɓe da roba saboda gara.

Wannan karon ba a tara kowa ba. Daga ita sai Ayuba da ya kawo ta, sai Iya a bakin ƙofarta da safe, hatsi ya fara fitar da kai a bayan gari. Munira ta durƙusa ta riƙe takardar a inda haske ke faɗowa.

Iya ta matso da ido. Ta bi takardar daga ƙasa, a hankali, don kafar da ta rage mata ba ta ɗaukar abu gaba ɗaya. Ta tsaya a dugadugai. Ta hau. Da ta zo kan facin sai ta ɗora yatsa a kai, ta bar shi nan. Ba ta ja mayafi ba. Kaza ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har Ayuba ya rasa abin faɗa, abin da ba a taɓa rubutawa a tarihi ba.

Can sai Iya ta yi tsaki.

"Kin gani ko? Ya sake mance gorar ruwanshi."

Munira ta duba. Gaskiya ne, ba gora, don ba wanda ya ce mata akwai gora. Ta ce da sauri, "Ba wuya, Iya, yanzu-yanzu sai in rataya mashi ita, in sake bugowa."

"Kul! Bar shi haka nan."

"Ai kin ce ya mance."

"Da gangan shike mancewa. In ya tahi da ita, da wace hujja zan bi shi gona?"

Ta karɓi takardar da hannu biyu ta ɗora a cinya, ta ce a kafa mata ita a bango daidai inda take juyawa in ta kwanta, ƙasa-ƙasa, ba sama ba inda ake sa kalanda. Sannan ta ce a dama wa baƙi fura, ta kuma gargaɗi Ayuba kada ya shanye ta ƙawarta.

Sai da ya sha ludayi uku bakinsa ya dawo.

"To, Madam Anjeniya, an gode Allah. Wata uku ana gini, an ci batirin awaki, an samu ƙeya. Da kin faɗa tun farko ai da na kawo maki hoton bayan wani a kasuwa. Bon, yanzu saura ni. Amma ni ta gaba za ki yi ni, da tabarau, a kan moto, a kafa a tasha mutane su ga kyau."

Munira ba ta ko ɗago daga ninke ledar da ta ƙunso hoton ba.

"Kai ma ta baya zan yi ka," ta ce. "Ita kowa ya sani. Duk gidan nan, da an ce ga aiki, ƙeyarka ake gani."